Musayar Waƙa: Ƙanenmu Ya Ce Gurguzu Yake So

Ɗan Auta:

Assalamu alaikum, manyan zaure,
ƙanenku ne ya shigo da tambaya.
Aƙidar kwaminisanci nake ta bibiya,
ta Markis, mai kiran ma'aikata su haɗa kai a duniya.
Siyasar talakawa nake so a unguwa,
ba ihun Facebook ba, aiki na gaskiya.
Ta ina ake farawa? Me ake riƙewa?
Wane rami ne ke jira a kan hanya?

Malam Mai Alli:

Wa alaikumus salam, ƙanena, zauna,
darasin farko sunansa rara.
Kafin jar tuta da hoton gemu,
ɗauki biro, a shagon tela za mu fara.
Kaftani ɗaya, kuɗin ɗinki naira 5,000,
misali nake, kar a ce na rage ko na ƙara.
Zare, maɓalli, man janareta, haya,
cire 1,500, har da kuɗin gyara.
Wanda ya taka keken tun hantsi,
1,000 aka miƙa masa, shi da yara.
To 2,500 ɗin nan da ta yi saura, ita ce rara,
gumin wane ne? Nan Markis ya tsaya ya lura.
Mai keke ya ci ne don keken nasa ne,
mai gumi kuwa sai zare da allura.
Inda sababbin shiga ke yin tuntuɓe:
mai keke uku da ke ɗinki da hannunsa
ba shi ne ɗan jari-hujja ba, kar ka kai shi ƙara.
Je Bompai, je Sharaɗa, ƙofar masana'anta,
can rarar take da yawa, da buhu ake tara.

Baba Na Gwammaja:

Malam ya gama lissafi, na yaba,
ɗana, saura tarihin gida, ka duba:
8 ga Agustan 1950 aka rattaba,
a Kano, mutum 8, sanarwar Sawaba.

Abba Maikwaru na ciki, da Bello Ijumu,
Magaji Ɗambatta, Mudi Sipikin mawaƙinmu,
suka ce talaka da 'yan En'e a ƙasarmu
aji biyu ne, buƙatarsu ba ɗaya ba.

NEPU ke nan, Malam Aminu ya riƙe ragama,
da aya da hadisi yake magana da al'umma,
haraji, aikin tilas, zaluncin kotu ya kama,
bai ce wa manomi ya bar salla ba.

Zaɓen 1951 hawa-hawa aka tsara,
NEPU ta ci matakin ƙasa a Kano, ta fara,
a mataki na sama En'e ta cusa nata, ta ƙara,
aka tashi ko kujera ɗaya ba ta samu ba.

Bulala ta biyo baya, da gidan yari,
Gambo Sawaba, mace, ta sha ɗauri.
Karanta dokar zaɓe tun da wuri,
kar ka buga fosta ba ka san tsani ba.

Hajiya Uwar Adashi:

Baba, a bar tarihi ya sha ruwa, aiki ya tambaya.
Ƙanena, nemi biro da babban littafi.
Mutum 7 zuwa 10 sun isa zaman karatu,
in sun wuce haka, surutu ya fi ƙarfi.
Sau ɗaya a mako, awa ɗaya da rabi,
kowa ya karanto, a tattauna shafi-shafi.
Rabin lokacin a ba wa unguwa:
burtsatse, taransifoma, kwata, ajin da ba rufi.
Ku zaɓi ɗaya tak, wadda za ta yiwu a wata 3,
takarda ga kansila, da sa hannun jama'a, ku riƙe kwafi.
Kuɗin ƙungiya, kowa naira 200 a mako,
ma'aji daban, magatakarda daban, daban mai binciken lissafi.
A karanto shiga da fita a gaban kowa,
ran da aka daina, zargi ya shigo, mutane su tafi.
Kar ɗan takara ya biya muku hayar ofis,
wanda ya biya, bakinsa ne zai fi kaifi.
Zaman bayan isha'i a shago korar mata ne,
ku sa shi da la'asar, in ba su zo ba ku ne da laifi.
Rajistar ƙungiyar gama-kai mutum 10 doka ke nema,
ta ƙwadago 50, kar ku je da ƙasa da haka a ce ku tafi.

Ɗan Auta:

Hajiya, na gode, na rubuta duka.
Sai dai a majalisa ana ta jifana da magana biyu:
wai gurguzu kafirci ne, wai a Rasha ma ya mutu.
Me zan ce musu, ya ku iyayena da yayyu?

Kawu Mai Gardama:

Ɗana, masu faɗin haka ba su rasa hujja ba,
kar ka amsa musu da zagi ko tsawa.
Falsafar Markis ba ta bar gurbin wahayi ba,
mulkin Sobiyet ya rufe masallatai da yawa.
Daga 1917 zuwa 1991 aka yi tafiyar,
jam'iyya ɗaya, ba mai ikon musawa.
Stalin, shugaban Sobiyet, ya haɗe gonaki da ƙarfin tsiya,
1932 da 1933 Yukren ta sha baƙar yunwa.
Sin ma daga 1959 zuwa 1961,
miliyoyi suka tafi, ga silar mutuwa:
jami'in ƙauye na tsoron faɗin gaskiyar girbi,
ya rubuta cewa hatsi na ta ƙaruwa,
gwamnati ta kwashi rabonta bisa ƙaryar,
rumbu wayam, ba jaridar da za ta faɗa wa kowa.
Ɗauki awon rara, ka bar musu sauran.
Malam zai ce na tauye mudu, ina jiran amsawa.

Malam Mai Alli:

Kawu, ban musa ko ɗaya ba, a dai cika mudun:
awa 8 ta aiki, tun 1917 Rasha ta sa a doka ta tsara.
A gida, yajin aikin ƙungiyar ƙwadago ta NLC na Mayun 1981
ya kawo mafi ƙarancin albashi, 125 na naira.
A 2024 ya zama 70,000. A kai shi gaban mai shinkafa,
a ga ko gaba aka yi, ko baya aka tura.

Ɗan Damagaram:

Nijar ma ta yi tata Sawaba, ta Jibo Bakari,
1958 a ƙuri'ar raba gardama ya ce wa Faransa a'a, ya ja daga.
Ya faɗi ƙuri'ar, 1959 aka haramta jam'iyyar,
wasu gudun hijira, wasu kurkuku suka shiga.
1964 suka tsallako iyaka da horon waje,
suna zaton ƙauyuka za su tashi da jin bindiga.
Ƙauyuka ba su tashi ba, aka kama, aka harbe.
Mai ce maka wannan ce gajeriyar hanya yana maka zuga.

Sakataren Mazaɓa:

Na ɗora kan na Baba daga inda ya tsaya:
PRP a 1978 ta gaji NEPU, ta shiga gasa.
1979 Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna,
suka soke haraji da jangali, talaka ya ji a jikinsa.
Amma a Kaduna gwamna na PRP, rinjaye na NPN,
kwamishina ko ɗaya bai wuce ba a majalisa.
23 ga Yunin 1981 suka tsige shi.
PRP ta rabe gida biyu, santsi da taɓo, kowa da nasa:
gwamnonin na zama da sauran gwamnonin adawa,
uwar jam'iyya ta hana, rigima ta yi nisa.
Don haka ƙanena, ɗauke ido daga kujerar gwamna,
masu tsige gwamna a mazaɓa ake zaɓo su, can ƙasa.
Zaɓen kansila hukumar jiha ke shirya shi,
jam'iyya mai mulki ta saba cinye shi dukkansa.
Majalisar jiha, shekara 25 ta isa tun gyaran 2018,
amma sai da jam'iyya, babu ɗan takara mai zaman kansa.
Mazaɓu 484 ne a ƙananan hukumomi 44 na Kano,
riƙi taka ɗaya, ka san kowane akwati da mutanensa.
Kowace rumfa wakili, da na ko-ta-kwana a gefe,
a ciyar da su tun safe, yunwa ke sayar da wakili, ba wasa.
Kar ya tashi sai an ƙirga, an cike takardar sakamako, EC8A,
ya sa hannu, ya karɓi kwafi, ya ɗauki hotonsa.
Wani ya bi sakamakon har cibiyar tattarawa,
can ne 31 ke komawa 13 in ba mai tsaronsa.

Hajiya Uwar Adashi:

Sakatare, wa zai biya abincin? Ga lissafi:
a ce rumfa 20, mutum 40, kowa 2,000, 80,000 ke nan.
Ku 10 kuna tara 2,000 a mako, mako 40 za ku yi,
ku ware masa shafinsa daban a littafi.