Ina so in yi wurin ninƙaya a bayan gidana a Kano, wanda ya taɓa yi ya ba ni shawara

Mai gini: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gini a bayan garin Kano, an kai linta. Akwai ragowar fili ta baya, maiɗakina da yara sun matsa a yi wurin ninƙaya, mita 8 a 4, zurfi mita ɗaya da rabi. Ina da burtsatse da sola. Autarmu shekararta 4. Nawa ake kashewa duk wata wajen kula da shi, kuma yaya ake yi da ƙurar hunturu? A unguwarmu babu gida ko ɗaya mai shi, sai a otal nake gani.

Mazaunin Arizona: Wa alaikumus salam. A nan ba abin kallo ba ne. In jirgi zai sauka Phoenix, babban birnin jihar Arizona ta Amurka, ka leƙa ta taga, shuɗi-shuɗi za ka gani a bayan gidaje birjik. Amma da nake Minnesota sai ka zaga unguwa ba ka ga ɗaya ba, sanyi ya cinye rabin shekara. Dokarmu ta Arizona ta ce in akwai yaro ƙasa da shekara 6 a gidan, sai an kewaye ruwan da shinge mai tsayin ƙafa 5.

Injiniya Abuja: A Maitama da Asokoro akwai su da yawa. Alhaji, ka tanadi miliyan 15.

Ɗan Zariya: Haba Injiniya! Yayana miliyan 6 ya kashe.

Injiniya Abuja: A wace shekara? Nawa buhun siminti a lokacin? Da famfo da matatar ruwan, ko rami kawai aka yi masa tayil?

Hajiya Kaduna: Ɗan'uwa, don Allah ka saurare ni. Maigidana ya yi, wata biyu muka ji daɗinsa. Daga nan ruwa ya dinga raguwa, kullum da safe sai mu ga ya sauka da kamu ɗaya. Ashe ƙasa ta tsage. Mai aikin ya karɓi kuɗin gyara, har yau wayarsa a kashe. Da aka yi sati babu wuta, famfo ya tsaya, ruwan ya koma kore shar, sauro ya hana mu zama a tsakar gida. Duk wannan mai sauƙi ne. Ranar sunan ƙanwata gida ya cika, muna ɗaki ana rabon abinci, ɗanta ɗan shekara 3 ya zame ya faɗa. Ko ƙara bai yi ba. Yarinyar da ke wanke-wanke ce ta hango takalminsa a bakin ruwa ta fizgo shi. Kwana 4 muka yi a asibiti. Allah ya raya shi, amma ni da kaina na sa aka cike ramin da ƙasa. Yanzu zogale ne a wurin.

Uwar biyu: Innalillahi! Hajiya, jikina har rawa yake. Yaya yaron yanzu?

Hajiya Kaduna: Alhamdulillahi, yana aji biyu. Amma ko a baho ba ya yarda a zuba masa ruwa a ka.

Ɗalibi a Faransa: Shi ya sa Faransa ta yi doka a 2003, dole a sa shinge ko murfi ko ƙararrawa. Kuma babu ƙasar da ta kai ta yawansu a gidaje a duk Turai.

Ɗan Zariya: Ku na waje ku ɗan sarara mana. Mutum ya tambayi hunturun Kano, kuna karanto mana dokar Turawa.

Mazaunin Arizona: Malam, mu ma muna shan guguwar ƙura, habub ake ce mata, sunan ma daga Larabcin Sudan ya zo. Murfi ne maganinta.

Na Kurna: Alhaji zuba tarwaɗa kawai, ka yi iyo ka kuma yi farfesu. Mu a kududdufi muka koya, kyauta.

Malamin lissafi: Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Wannan awon lita 48,000 zai ci, jarka 1,920 ke nan mai lita 25. A layinmu da asuba mata ke fitowa tarar 'yan garuwa. Tunda manyan gidaje suka haƙa burtsatse, rijiyar gidanmu da kakana ya gina ta ƙafe, ko da damina guga laka yake kwasowa.

Injiniya Abuja: Ba kullum ake sake ruwan ba, Malam, tacewa ake yi a sa kilorin.

Malamin lissafi: Zafin Afrilu fa, ba ya shanye shi? A Cape Town ta Afirka ta Kudu ma da fari ya tsananta a 2018 hana cika wuraren ninƙaya aka yi da ruwan famfo.

Mai gini: Na gode ƙwarai. Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa, maganar shinge na riƙe ta. Amma har yanzu ina jiran kuɗin wata-wata.

Uwar biyu: Malam, ku nawa ake sayar muku da jarka? Mu jiya sun ƙara, wai mai burtsatsen ya ce kuɗin dizal ne.

Na Kurna: Ku da kuke samu ma ku saya. Tun safe nake bakin ƙofa, kura ko ɗaya ba ta shigo layinmu ba.