Lita 3 cikin 10: ina sauran man ƙaramin jirgi yake tafiya?

Mai Gyaran Gurup, Zariya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekarata 19 ina gyaran gurup, wato janareto, a nan unguwar Zariya ta Maradi. Makon jiya wani abokina ya kai ni filin jirgi, na tarar da ƙaramin jirgi Cessna 172 an buɗe masa murfin inji. Silinda huɗu ne a kwance, biyu dama biyu hagu, babu radiyata, sai haƙarƙarin ƙarfe irin na moto. Bakaniken ya ce injin kamfanin Lycoming ne, cikinsa ya wuce lita 5 amma ƙarfin doki 160 kacal yake bayarwa, yana shan wajen lita 30 a awa, kuma cikin lita 10 da ƙyar 3 ke juya farfela. Maganar ta hana ni barci. Sauran 7 ɗin fa?

Tsohon Malamin Lise:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Gaskiya ya faɗa maka. Man da ya ƙone zafi yake zama, kuma kaso mafi tsoka, wajen 4 cikin 10, ta salansa yake ficewa. Wani kason iska ke kwashewa daga haƙarƙarin nan da ka gani, ɗan abin da ya rage kuma gogayyar fistan da juya famfon mai su cinye. Janareton da ke gabanka ma haka yake. Kai hannu kusa da salansarsa in ya yi awa guda, kuɗin esansinka ne kake ji.

Ƙarancin dokin kuwa da gangan ne. Farfela a jikin injin take kai tsaye, ba a so ta wuce juyi 2,700 a minti. Matsin silindar ma, wato sau nawa fistan ke matse iska da mai, 8.5 ne, alhali motocin yanzu sun kai 10 ko fiye, kuma matsi shi ke tatsar aiki daga mai.

Mai Gyaran Gurup, Zariya:
Allah ya ƙara sani, Malam. To me ya hana su ƙara matsin?

Ɗan Bagalam:
Tsoron ƙwanƙwasa, yaya. Injin da iska kaɗai ke sanyaya shi, in matsi ya yi yawa man sai ya fashe maimakon ya ci a hankali, fistan ya huje. A mota sai ka faka gefen hanyar Dakoro. A sama fa? Shi ya sa suke shan wannan shuɗin man 100LL mai dalma, kuma kowace silinda buji biyu gare ta. Wajen tashi har mai ake ƙara masa fiye da wanda zai iya ƙonawa, don dai ya huce. Sai an daidaita a sama matuƙi ke jawo jan maɓalli ya rage man. Ka haɗa da zafinmu na Afrilu da ke wuce digiri 40: iska ta yi sako-sako, injin ya rage ƙarfi, jirgin ya daɗe yana gudu kafin ya ɗaga.

Tsohon Malamin Lise:
Akwai ƙananan jirage masu injin gazuwal yanzu, irin Diamond DA42, da ke shan kananzir ɗin manyan jirage. Matsinsu ya ninka na Lycoming, shansu kuma ya fi ƙanƙanta sosai. Nauyi da tsada ne cikas ɗinsu.

Mai Gyaran Gurup, Zariya:
Na gode ƙwarai. Ashe shi ya sa gurup ɗin gazuwal na masu ƙanƙara a unguwarmu ke kwana a kan jarkar da ta esansi ba ta kai asuba. Jumma'a zan koma filin in roƙi bakaniken ya nuna mini jan maɓallin nan da igiyarsa har zuwa karbireta.