Kwamfuta ta ce littafi na nan, a kantocin maktaba kuma babu shi

Baƙon Madina:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka riga mu zuwa ku taimaka min. Bana na gama ma'ahadin lugga (sashen koyon Larabci) na shiga kulliya a jami'a nan Madina, to duktur ya ba mu bahsi (aikin bincike) a fiƙihu ya ce kowane marji'i, wato littafin da aka ciro magana daga ciki, sai da mujalladi da shafi daga bugun takarda, bai yarda a kwaso daga Shamila (manhajar nan ta littattafan Larabci) kawai ba. Sau biyu ina zuwa maktaba (laburare), kwamfutar bincike ta nuna littafin na nan ba wanda ya ara, na zagaya kantoci har ƙafata ta gaji ban gan shi ba. Ma'aikatan kuma kowa ya duƙufa kan aikinsa sai na ji nauyin tambaya, ga Larabcina na littafi ne, da sun saki ammiyya, Larabcinsu na gida, shikenan na ɓace. Wai ya ake yi ne?

Abu Hafsa:
Wa alaikumus salam ƙanena, barka da shiga kulliya. Ina zargin da sunan littafi kake nema, ai ba haka ake yi ba. Lambar da kwamfuta ta ba ka ita za ka rubuta gaba ɗayanta har haruffan da ke ƙarƙashi, ita ce manne a ƙashin bayan littafin. Mafi yawan maktabobin nan tsarin Dewey na jera littattafai da lamba suke bi amma wanda Larabawa suka gyara, don a na asali duk Musulunci an cusa shi ne a 297, su kuma suka baje shi: Alƙur'ani da ilimominsa wajen 220, hadisi 230, aƙida 240, fiƙihu 250 zuwa sama, nahawu kuma can 415. Ɗauko duk littafin da aka buga a Saudiyya ka buɗe bayan shafin suna za ka ga bayanin Maktabar Sarki Fahad ta Riyad da lambar Dewey a jiki, da shi na koyi abin. Kuma ka lura ko an rubuta marji'i ne, irin waɗannan ɗakinsu daban kuma ba a fita da su, a nan za ka karanta ko ka ɗauki hoton shafukan.

Ɗan Zariya:
Kai malam kar ka wahalar da kanka, Shamila akwai waɗanda lambar shafinsu ta dace da bugu, ka kwafa ka wuce abinka.

Abu Hafsa:
A'a Ɗan Zariya kar ka jefa yaro a rami. Wani littafin bugunsa biyar ne, na Beirut daban na Alƙahira daban, mai tahƙiƙi daban, in duktur ya ɗauko nasa ya ga shafi bai hau ba wa zai tsaya masa? Shamila ta nemo maka wurin, idonka ya tabbatar a takarda.

Kawu Batakare:
Ɗana, ni haifaffen Makka ne kuma na yi shekaru ina aiki a maktabar wata jami'a kafin in ajiye, bari in faɗa maka inda littafinka yake. Ko yana kan amalanken da muke tara littattafan da aka tashi aka bari a tebur, ko kuma wani ɗalibi mai son taimako ya mayar da shi da kansa ya soka a inda ba wurinsa ba. Wannan na biyun shi ne ciwon kanmu wallahi, littafin 252 in ya faɗa cikin 225 to ya ɓata ke nan alhali yana cikin ginin, sai ranar da muka bi kanta lamba bayan lamba ko lokacin jardi (ƙidayar littattafai) da hutu mu tsinto shi. Akwai ma masu ɓoyewa da gangan bayan wasu mujalladai saboda imtihani, mun san su sarai. In ka gama karatu bar shi a tebur, ba rashin ladabi ba ne.

Mutanen da ka gani sun duƙufa kuwa ba hira suke ba. Wani tazwidi yake, wato sayo sababbi daga jerin da kulliyoyi suka aiko, wani fahrasa yake yana shigar da sunan mawallafi da bugu da maudu'i, in ya kuskure harafi ɗaya a sunan Ibnu wane ba mai sake ganin littafin a bincike, wani yana ware waɗanda suka yage a kai tajlidi. Na teburin i'ara, wato aro, shi ne naka, don kai aka zaunar da shi. Yi masa fusha ɗinka, Larabcin nan naka na littafi, zai gane, mu kanmu daɗin ta muke ji a bakin ɗaliban waje. Miƙa masa lambar ka ce ba ka samu a kanta ba.

Ummu Sumayya:
Ƙari kan na Kawu, in ka kai matakin risala (kundin digiri na biyu ko na uku) tun yanzu ka saba da Maktabar Dijital ta Saudiyya, da lambarka ta jami'a ake shiga, a ciki akwai Darul Manzuma inda ake samun risaloli da mujallun Larabci, daga ɗaki ma ina buɗewa. Ni sai da na je rajistar maudu'i na san ana neman takarda daga Cibiyar Sarki Faisal ta Riyad cewa ba a riga ni ba. Sannan maktabar Masallacin Annabi (SAW) na nan in ta jami'a ta rufe Juma'a, sai dai can karatu ne kawai babu aro. Abin da ka ara kuma ka mayar kan lokaci, don ranar ikhla'u ɗaraf (takardar sallama daga jami'a) sai maktaba ta sa hannu kafin ka ga shahadarka.

Baƙon Madina:
Allah ya saka muku da alheri. Kawu maganarka ce, yau bayan Azahar na miƙa wa na teburin lambar, ya tashi da kansa muka je, mujalladi na ɗaya da na uku suna kan amalanke, na biyu kuma har yanzu shiru ya ce in dawo Lahadi zai duba min. Matsalar dai babin tayammum ɗin da nake nema ya fara a ƙarshen na ɗaya ya ƙarasa a na biyun.