Neman kalmar Hausa: me za mu kira dif-lok na motocin fowil (masu jan ƙafa huɗu)?

Mai Shirin Direbobi:
Salam jama'a, dan Allah taimakon gaggawa nake nema. Jibi Alhamis za mu ɗauki shirin direbobi na rediyo, kan yadda ake fita daga caɓi da yashi, tunda damina ta kankama motoci sai kafewa suke a hanyoyin ƙauye. Na samu kalmar kusan komai amma na tsaya cak a kan maɓallin nan na cikin wasu Hilux da Land Cruiser da aka rubuta DIFF LOCK a jikinsa. Ba na so in ce dif-lok kawai in wuce, domin da yawan masu sauraronmu ba su san aikinsa ba, wasu ma suna da shi a mota ba su taɓa danna shi ba. Me za mu kira shi?

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Wa'alaikumussalam. Mu dai a gareji dif-lok muke cewa, ko mu ce a kulle aksil, wato ƙarfen nan da ke haɗa tayar hagu da ta dama. Amma bari in faɗi aikinsa tukuna don masu kawo suna su san abin da suke raɗa wa. Ƙullutun nan da ke tsakiyar aksil, inda farfela, doguwar sandar da ke kawo ƙarfin inji, ta shiga, akwai haƙoran giya a cikinsa da ke barin taya ɗaya ta fi ɗaya gudu, saboda in za ka sha kwana tayar waje tafiyarta ta fi ta ciki tsawo. To a kwalta wannan alheri ne, amma in taya ɗaya ta faɗa caɓi ko ta ɗaga sama sai ita kaɗai ta yi ta wulwulawa tana watso taɓo, wadda ke kan ƙasa mai ƙarfi kuma ta tsaya kamar ba ruwanta. In ka danna maɓallin sai ya haɗe su, dole su juya tare gudu ɗaya. Shi ke nan aikinsa. Ni makullin aksil zan ce.

Uwar Biyu:
Me ya hana a ce kulle-taya? Ya fi sauƙin faɗa a rediyo.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
A'a Hajiya, wannan zai haɗa rikici. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser 70 suna da abin murɗawa a cibiyar tayoyin gaba, FREE da LOCK, wanda direba ke sauka ya murɗa da hannu kafin fowil ya yi aiki, shi ne yara ke ce wa kulle taya. Kuma in birki ya riƙe ma cewa ake taya ta kulle. Abu uku suna ɗaya, mutum zai ji a rediyo ya je ya murɗa na gaba ya ɗauka ya gama.

Malamin Hausa:
Abin da ke damuna ke nan kullum. An tambayi kalmar Hausa, an kawo mana aksil. Aksil Hausa ce? Muna da kalma tamu tun kaka da kakanni wadda ta yi daidai da abin nan, ita ce karkiya, itacen da ake ɗora wa shanun huɗa a wuya ya haɗa su biyu su ja tare. A ce karkiyar mota. Duk manomi yana ji zai gane, kuma masu sauraron shirin nan ai mutanen karkara ne.

Ɗan Tawa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan wajenmu ba mu san fowil ba, kat-kat muke cewa, shi kuma wannan bulokaj. Direbobin da ke fita Agadas su nufi Dirku da Bilma cikin hamadar Tenere duk haka suke kiransa, kuma su ne sunka fi kowa sanin mato cikin rairayi. In rediyonku na kaiwa Maraɗi da Damagaram to ku tuna da mu. Sannan ku faɗa ma mutane, a rairayi rage iskar taya shi ne farko, bulokaj daga baya yake zuwa, in ka sa shi kana ta ba da wuta mato haƙa rami za ta yi ta zauna bisa cikinta.

Malamin Hausa:
To kun gani ko. Wannan ya aro daga Ingilishi, wancan daga Faransanci, Bahaushen Kano da na Tawa sun kasa fahimtar juna a kan ƙarfe ɗaya. Karkiya kuwa kowa ya san ta daga Zariya har Damagaram. Wannan kaɗai ya isa hujja.

Direban Mambila:
Malam da girmanka, amma karkiya ba ta yi ba, kuma ni ɗan manomi ne na riƙe garma. In shanu suka kai ƙarshen kunya za su juyo, na waje yana zagayowa da faɗi na ciki yana taka kaɗan-kaɗan a wuri ɗaya, karkiya ba ta hana su. Wato abin da karkiya ke bari a yi shi ne ainihin abin da dif-lok ke hanawa. Mu da ke hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu mun san haɗarin, in aksil na kulle mota ba ta son shan kwana, miƙewa take son yi, kuma a can in ka miƙe inda ya kamata ka karya sai dai a yi maka addu'a.

Malamin Hausa:
Ai suna ba sai ya kwafi komai na abin ba. Jirgin sama da muke cewa, ruwa yake bi? Daga jirgin ruwa aka ɗauko aka faɗaɗa, kuma ya zauna. Matsalarmu raina namu, da Bature ne ya kawo karkiya da yanzu kowa ya karɓa.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Malam ba raini ba ne wallahi. Giya, kuloci, birki, sitiyari, salansa, lagireto, duk ka ce ba Hausa ba ne? Kakana da su ya yi magana har ya koma ga Allah bai iya Turanci ba. Je ka Panteka a Kaduna ko nan Ƙofar Ruwa ka ce a ba ka karkiyar mota ka ga ko akwai wanda zai tashi daga benci. Mu da hannunmu ke cikin baƙin mai kullum ba a tambayarmu, sai an gama ƙirƙira a ofis a kawo mana a ce mu ne ba mu iya Hausa ba.

Malamin Hausa:
Ban ce ba ku iya ba. Na ce in kowane ƙarni ya aro goma bai ƙirƙiri ɗaya ba, jikokinmu da me za su yi magana?

Uwar Biyu:
Dan Allah ku dawo kan batu, mutumin nan jibi zai shiga ɗaukar shiri.

Direban Mambila:
Dalilin da ya sa na fi son a sa kulle ko makulli a sunan, duk wanda ya ji an kulle abu ya san akwai buɗewa. Kuma nan ne mutane ke ɓata mota. Ana sa shi ne mota na tsaye ko tana tafiyar da ba ta wuce ta mai tafiya a ƙasa ba, ba lokacin da taya ke tsakiyar wulwulawa ba, in ba haka ba haƙoran ne za su ci juna. Kana fita daga wurin ka cire. In ka manta ka hau kwalta da shi za ka ji taya na kuka a kwana, tana cinyewa, wata rana shaf, sandar da ke juya taya, ya karye. A sabbin Hilux ma sai ka shiga 4L, wato giyar fowil mai ƙarfi ta tafiya a hankali, yake yarda ya kama, fitilarsa ta yi ta ƙiftawa har sai ya shiga sannan ta tsaya.

Mai Defender:
Ina da gyara a kan makullin aksil. A tsohuwar Land Rover Defender makullin ba a aksil yake ba, a tsakiya yake cikin ƙaramin giyabos da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, saboda ita kullum ƙafa huɗu take ja. Land Cruiser 80 ma akwai na tsakiya, wasu kuma har da na gaba da na baya, uku ke nan. In kun ce aksil kun bar mu a waje.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Gaskiyarka. To a ce makullin baya, makullin gaba, makullin tsakiya. Sai dai kar wani ya ɗauka makullin but ake nufi.

Ɗan Tawa:
Makullin baya ya yi mini, ko nan za a gane.

Mai Shirin Direbobi:
Na gode ƙwarai jama'a. Ga yadda zan yi: farkon ambato zan ce makullin aksil, wanda makanikai ke kira dif-lok, 'yan'uwanmu na Nijar kuma bulokaj, in yi bayanin aikinsa yadda Oga na Ƙofar Ruwa ya kawo. Daga nan sai in riƙa cewa makullin baya ko na tsakiya gwargwadon motar. Shi kansa ƙullutun da ake kullewa har yanzu ba mu ba shi suna ba, zan ce giyar cikin aksil kawai. Malam, zan faɗi karkiya a matsayin shawarar da aka kawo, in masu kiran waya sun ɗauka to.

Malamin Hausa:
Makulli dai tamu ce, wannan rabin na yarda. Aksil ɗin ne ban yarda ba kuma ba zan yarda ba. In za ka faɗi karkiya ka faɗe ta da kyau, kar ka haɗiye ta a ƙarshen jimla.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Ka kuma ce musu su riƙa danna shi lokaci-lokaci a kan turɓaya ko da rani ne, wanda aka bari shekara ba a taɓa ba yakan cije, ranar da ake nemansa ya ƙi shiga.