Babur ɗin MotoGP da na Superbike, wai duk ɗaya ne?

Habu Gangare: Assalamu alaikum. Gardamar da muka fara jiya a garejin Oga Danladi ba ta ƙare ba, shi ya sa na kawo ta zaure. Ina nan a kan bakana: tsakanin babur ɗin MotoGP da na Superbike, manyan gasannin tseren babur biyu na duniya, babu wani bambanci na a zo a gani. Duka cc 1000 ne, duka silinda huɗu. Suna ne kawai da kuɗi. Kuma Superbike ne tseren gaskiya, don BMW M 1000 RR da Toprak Razgatlioglu ya ɗauki kofi da shi a 2024, mai kuɗi zai yi odarsa ya hau a hanyar Bukuru.

Oga Danladi: Wa alaikumus salam. Habu ƙanina, cc ɗaya ba ya sa inji ya zama ɗaya. Na Superbike daga babur ɗin sayarwa ake farawa. Doka ta ce sai kamfani ya ƙera aƙalla 500 ya kai kasuwa kafin a yarda ya shiga tsere da shi, har da iyakar farashi. Sai a cire fitila da madubi da jak, a canza salansa da shoka da birki, a gyara kwamfutar injin. Amma firem da gangar inji na asali suna nan. Na MotoGP kuwa daga takarda aka zana shi don filin tsere kaɗai, kuma ba ya shagon kowa. Kamar rigar kanti ce da aka kai wa tela ya rage ta, da wadda aka auna mutum aka yanka yadi dominsa.

Habu Gangare: To Oga, in haka ne, yaya aka yi a gwajin da aka yi a filin Jerez na Sifen a watan Nuwamba 2016 Jonathan Rea, a kan Kawasaki ZX-10 na Superbike, ya zagaya fili da sauri fiye da baburan MotoGP da suka zo gwajin? Lokacinsa har ya ɗan fi wanda Valentino Rossi na MotoGP ya yi ya samu gurbin farko na tashi a wannan filin a shekarar.

Injiniya Bilkisu: Malam Habu, abin ya faru, ba wanda zai musa. Amma a dubi yadda ya faru. Rea ya sa tayar Pirelli mai laushi sosai, irin wadda ake sa wa don zagaye ɗaya ko biyu sannan ta gaji. Kuma Nuwamba ne, kwalta da sanyi-sanyi, shi kuma Rossi a Afrilu ya yi nasa. Ga shi Jerez fili ne mai yawan kwana da gajeren miƙe, babu inda babban inji zai saki jiki. Kai su Mugello ta Italiya ka gani. A can Brad Binder ya kai kilomita 366.1 a awa a kan babur ɗin KTM na MotoGP a 2023. Babu na Superbike da ya taɓa kusantar wannan.

Sani Mai Boxer: 366? Subhanallah.

Oga Danladi: Ni birki ma ya ishe ni hujja. Duk wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo da kaya ya san warin birki in ya ɗau zafi. Ka matsa ka ji hannun ya yi laushi, faifan ya yi shuɗi-shuɗi, ka kai yatsa kusa ka ji yana huci. A wurinmu zafi ne ke kashe birki. Na MotoGP faifan kabon ne, shi kuma sai ya ɗau zafi na ɗaruruwan digiri sannan yake kamawa da kyau. Ka sa shi a babur ka fito da asuba cikin hunturun Jos, ka matsa a kwanar farko, ba zai riƙe ka yadda kake so ba. Superbike an hana su kabon, faifan ƙarfe suke sa wa, ɗan uwan wanda muke kwancewa kullum a Dilimi. Sannan bawul. Namu sifirin ne ke mayar da shi. A MotoGP yawancinsu iska ce mai matsi ke rufe shi, don injin na juyawa da saurin da sifirin ba zai iya bi ba. Ducati ne kaɗai ke da nasu tsarin, wanda ƙarfe ke buɗewa ƙarfe ke rufewa.

Injiniya Bilkisu: Ƙara da giya, Oga. Tun 2011 Honda ta kawo giyabos ɗin da ke shiga giya ta gaba ba tare da ƙarfin inji ya yanke ba, sauran suka bi. Akwai kuma na'urar da ke sa bayan babur ya durƙusa yayin fita daga kwana, don kada gaba ya ɗaga sama. Ku lura da kyau a talabijin, za ku ga babur ɗin ya zauna kamar zai taɓa ƙasa. Superbike ba shi da ko ɗaya cikin biyun nan. Nauyi ma: mafi ƙaranci a MotoGP kilo 157, a Superbike 168.

Baba Audu: Ku yi haƙuri in sa baki, yarana. Kun yi wa Habu taron dangi, alhali rabin maganarsa gaskiya ce. Ni ba ruwana da wanda ya fi gudu. Tambayata, wanne ne ya shafi mai saye? In Kawasaki ta ci Superbike sau shida a jere, daga 2015 zuwa 2020, ta nuna mini cewa babur ɗin da take sayarwa yana da ƙwari. In Ducati ta ci MotoGP, me ta nuna mini? Cewa tana da kuɗi da injiniyoyi. Kuma kuɗin nan ne ke korar kamfanoni. Kawasaki ta janye ƙungiyarta daga MotoGP bayan 2008. Suzuki ta ci kofi da Joan Mir a 2020, ƙarshen 2022 ta tattara kayanta ta tafi.

Habu Gangare: Allah ya ƙara girma, Baba! Kuma Troy Bayliss fa? Ya ci kofin Superbike a 2006, aka kira shi tseren ƙarshe na MotoGP a Balensiya a shekarar, ya hau ya cinye su duka.

Injiniya Bilkisu: Bayliss ba baƙo ba ne a can, ya yi shekara uku a MotoGP, daga 2003 zuwa 2005, biyu daga ciki a kan Ducati. Kuma wannan ya nuna gwanintar mahayi ne, bai nuna baburan ɗaya ba ne. Baba, da girmamawa, ban yarda MotoGP bai shafi mai saye ba. Ducati Panigale V4 R da Alvaro Bautista ya ci kofin Superbike da shi a 2022 da 2023, injinsa mai siffar V da fukafukan da ke gabansa daga MotoGP aka gangaro da su. Can ake gwada abu, in ya yi, bayan shekaru ya iso shago.

Baba Audu: Ya iso shagon wa, 'yata? Honda ta fitar da RC213V-S a 2015, wai na MotoGP mai fitila, a kan dala 184,000. Wa ya saya a Filato?

Oga Danladi: Baba, ai shi ma na Superbike ɗin ba na talaka ba ne. Nan nake so Habu ya gane. Wanda za ka saya da wanda Toprak ya hau a Superbike suna ɗaya ne, firem ɗaya, amma shokarsa kaɗai ta fi kuɗin Boxer da yawa, ga makanikai da masu kwamfuta da ke bin sa kowane fili. Kada yaro ya ga an ce babur ɗin kasuwa ne ya ɗauka abin da ake yi a fili zai yiwu a titin Zariya. Can babu tirela, babu rami, babu mai tsallaka titi.

Habu Gangare: Wannan na yarda, Oga. Birki da giya ma na karɓa. Amma daga 2027 MotoGP za ta koma cc 850, za a hana na'urar durƙuson nan, a rage fukafukai, kuma Pirelli ce za ta ba su taya maimakon Michelin. Su da kansu sun ga abin ya yi yawa. In an yi haka tazarar za ta ragu, ko ba haka ba?

Injiniya Bilkisu: Gudu zai ragu da farko, don filayen sun fara yi wa baburan kaɗan, shi ya sa aka taɓa dokar. Amma mai cc 850 ɗin ma ba za a sayar da shi ba, kuma ba a tilasta wa mai zana shi ya yi tunanin fitila ko garanti ko mai saye.

Habu Gangare: To Toprak ya sa hannu da ƙungiyar Pramac Yamaha don MotoGP na 2026. Mutumin da ke taka birki har tayar baya ta bar ƙasa. In ya saba da kabon da wuri, Oga, zan dawo da maganata.

Oga Danladi: Dawo da ita, ƙanina. Amma ka tuna Yamaha zai hau, kuma Ducati ce ta ci kofin mahaya shekara huɗu a jere, daga 2022 zuwa 2025. Ka auna shi da sauran masu hawan Yamaha tukuna, sannan mu yi maganar babur.