Muna kwana a tsohuwar bas a gona, batirin sola ba ya kai asuba

Manomin Albasa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 3 ke nan ni da maiɗakina muke tarewa a fadamar Wurno daga Nuwamba har a cire albasa. Tsohuwar bas na cire wa kujeru, na shimfiɗa katifa, girki kuma a waje. Babu wutar NEPA, sai faranti ɗaya na sola da batiri ɗaya. Bana tun ƙarfe 2 na dare yake mutuwa, ita kuwa ba ta barci cikin duhu saboda kunama. Me zan yi?

Mai Gyaran Sola, Kware: Wa alaikumus salam Malam. Fara da goge farantin kowace safiya, ƙurar hunturu na tare masa rana sosai. Kana amfani da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batiri ta zama irin ta NEPA? Cire ta, ita kanta tana shan batiri ko ba a kunna komai ba. Sa ƙwayayen fitila masu aiki da bolt 12 kai tsaye daga batiri. In kana barin batirin ya ƙare ƙaf kullum, kai ke kashe shi.

Hajiya Inno: Ɗana, ni zafin Maris nake ji muku, ƙarfe ba ya da tausayi. Ka yi rumfar zana bisa motar, ka binne randa rabi cikin yashi mai laima. Kuma kada ku shigar da garwashi ciki ku rufe gilashi don sanyi, hayaƙinsa na kisa.

Manomin Albasa: Na gode Hajiya, wallahi shekaranjiya mun shigar da garwashin, maiɗakina ta tashi da ciwon kai. Malam, inbatar nan yau zan cire ta.