Wa da Ƙane a Gadon Sarautar Firag

Malam Mai Alli:
Salamu alaikum 'yan zaure. Makon nan nesa zan kai ku, ƙasar Bohemiya, wadda yau take cikin Jamhuriyar Cek, fiye da shekara 1,100 baya. Gida ɗaya ne: kaka, uwa, wa da ƙane. Ƙwar biyu za mu yi, amsa-amo "wa". Wanda ya karya ya biya goro.

Da sunan Ta'ala nake farawa,
Mai ba da mulki, Shi ke karɓewa.

Bohemiya ce ƙasar da na nufa,
Birnin Firag na bisa tudu, gefen ruwa.

Sarki na farko da takarda ta sani,
Boriboi ne, mijin Ludmila, ba musawa.

A Morabiya Metodiyus ya yi masa baftisma,
Ya dawo Kirista, jama'arsa na bijirewa.

Ɗansu Biratislaf ya hau bayan wansa,
Ya auro Darahomira daga can arewa.

Ta haifa masa maza, Baslaf ne babba,
Boleslaf na biye, ba ya jin lallasuwa.

A 921 uban ya kwanta dama,
Magajin yaro ne, bai kai ga riƙewa.

To wa zai riƙa wa yaro sarauta,
Kakar da ta raine shi, ko ko uwa?

Nan na tsaya, Gwaggo, fagen naki ne,
Zancen suruka ke kika fi mu iyawa.

Gwaggon Zaure:
Malam, ka jefa ni rijiya ka koma gefe kana dariya. To bismilla.

Malam, ka soso min inda ke ƙaiƙayi,
Ni ma suruka ce, ba na ɓoyewa.

Ludmila ta ɗau jika ta kai ɗakinta,
Karatu da addu'a take ta ɗorawa.

Uwa na kallo, ɗanta ya zama na wata,
Fada ta rabu biyu, kowacce da fadawa.

Tsohuwa ta ga hadari ya haɗo,
Ta kwashe ta koma Tetin don kaucewa.

Ba ta tsira ba, daren 15 ga Satumba,
Tunna da Gomon, mutanen Darahomira, ƙofarta suke karyawa.

An ce ta roƙi takobi, jininta ya zuba,
Suka ƙi, da mayafinta aka yi shaƙewa.

Ku dubi hotonta a majami'un Cek,
Mayafin na wuyanta har yau, ba a cirewa.

Ban wanke Darahomira ba, Allah ya tsare,
Amma ɗa na uwarsa ne, ba a ƙwacewa.

Kuma masu rubutun mutanen coci ne,
Alƙalaminsu gun tsohuwa yake karkatawa.

Dillali:
Gwaggo, a gafarce ni, na tsallake rigimar cikin gida na fita zaure. Na san yanzu za a fara yabon Baslaf, wanda Turawa ke kira Wenseslas. Ni dai ƙanen na ɗauka, kowa ya ji.

Kuna ta cewa Baslaf waliyyi ne,
Ni ciniki na sani, riba da faɗuwa.

A 929 Hanri na Jamus ya zo da runduna,
Baslaf ya rusuna, ya ɗau nauyin gaisuwa.

Azurfa da shanu duk shekara a kai,
Gumin talakan Cek na tafiya gun Jamusawa.

Boleslaf da ya hau ya ce a kai kasuwa,
Shekara 14 shi da Otto ɗan Hanri suna gwabzawa.

Shi ya fara buga kuɗin azurfa a ƙasar,
Da sunansa a jiki suna ta zagayawa.

Ya miƙa ikonsa gabas har Karakof,
Hanyar fatake tasa ce, ba mai tarewa.

Ku tambayi Ibrahim ɗan Yakubu na Andalus,
Bayahuden Turtusha, idonsa ya ganar masa kuwa.

Ya ce da dutse da farar ƙasa aka gina Firag,
A yankin ba birnin da ya kai ta kasuwa.

Musulmi, Yahudawa, Rus da mutanen Hangari,
Kowa da hajarsa, ayari na ta shigowa.

Har ƙyalle siriri suke saƙawa ya zama kuɗi,
Goma a kan tsaba ɗaya ake canzawa.

Wannan ƙyallen ya tuna min gabagar Barno, da ita ma aka yi zamanin ciniki da ita. Wajen 965 Ibrahim ya je, Boleslaf na kan gado. Wa ya ga irin wannan a zamanin wan?

'Yar Auta:
Yaya Dillali, ka ƙirga haja ka ɓoye ɗaya a ƙarƙashin tabarma. Bari in ɗago maka ita.

Yaya Dillali, wace haja ta fi tsada?
Faɗi mana da bakinka, bawa da baiwa.

Gabas ake kamo su a tara a Firag,
Daga nan har Ƙurɗuba ake kai su sayarwa.

Saƙaliba ake ce musu a Andalus,
Azurfar da kake yabo, ga inda take fitowa.

Kuma ta wace ƙofa gwanin naka ya hau?
Tsaya in ba ka, ka daina kau da kai, kana ji kuwa.

Ya gayyaci wansa biki a garinsa,
An ci, an sha, an raba dare ana shewa.

Da asuba Baslaf ya nufi majami'a,
Ƙanen ya tare hanya, takobi yake zarewa.

Wan ya fi ƙarfi, ya kai shi ƙasa,
Ƙanen ya yi ihu, yaransa na rugowa.

Tira da Casta, na ukunsu Hinebsa,
A bakin ƙofar ibada suka bar shi gawa.

Ranar 28 ga Satumba, 935,
Har yau ranar hutu ce a Cek, ba a mancewa.

Akwai zoben ƙofa a babban cocin Firag,
An ce shi ya riƙe lokacin da yake faɗuwa.

Habila da Ƙabila muka karanta a allo,
Ban taɓa jin mai yabon Ƙabila don iya nomawa.

Ɗalibi Mai Gyara:
A yi haƙuri da ni, jan biro na zo da shi. Ƙanwata, wasu tsofaffin rubuce-rubuce 929 suke ba kisan, amma 935 ta fi rinjaye wajen masana, don haka kin wuce. Labarin Ibrahim kuwa ta hannun Al-Bakri ya iso mana, malamin Andalus ɗin nan da ya ba da labarin daular Gana. Yaya Dillali, kai ne da bashi.

Yaya, ka faɗi farkon yaƙi ka haɗiye ƙarshe,
A 950 gwanin naka ya yi miƙa wuya, ba musawa.

Harajin da ya ce a kai kasuwa ya dawo,
Shekara 14 ta jini, ga inda take tsayawa.

A 955 ma dakarunsa 1,000 na bayan Otto,
A Lekfeld, mahayan Hangari suke korawa.

Kuma baitinka na huɗu ka sa "kasuwa" a layin farko ka sake ta a na takwas. Goro.

Dillali:
Goron na bisa hanya, Malam ƙarami. Auta, ban musa bayi ba, ban musa jini ba. Amma ku ji wannan.

Na yarda ya kashe, na yarda ya rusuna,
Amma waliyyin naku, wa ya yi masa ɗaukakawa?

Shekara uku, aka tono gawar a kai Firag,
Zamanin ƙanen ne aka yi wannan ɗaukowa.

A cocin Bitus da marigayin ya gina da kansa,
Nan aka sa shi, masu ziyara na tururuwa.

Ɗan da aka haifa wa Boleslaf a kwanakin bikin,
Sitirakbas ya sa masa, "biki mai firgitarwa".

Ya ba coci yaron, ya tashi cikin sufaye,
Wanda bai ji ciwo ba, ba ya wannan bayarwa.

'Yarsa Dubarabka ta auri Meshko na Polan a 965,
Shekara ta zagayo, mijin na karɓar baftisma a ruwa.

'Yarsa Milada kuwa har Rum ta taka da ƙafarta,
Ta dawo Firag, gidan sufaye mata take shugabantawa.

Ɗansa ya gaje shi, aka ba Firag bishop a 973,
Zuriyar ƙanen ce ta yi ta mulki, tana yaɗuwa.

Gwaggon Zaure:
Kun yi ta jan wa da ƙane kamar igiyar guga, kun bar matar da ta haife su tsaye a waje. Ku matsa.

'Ya'yana, kun manta da Darahomira,
Labari ya iske ta da safe, ta taho da rugawa.

Shekara 14 da shaƙe surukarta a Tetin,
Ga ɗanta na fari kwance, jini na bushewa.

Ta faɗa kan ƙirjinsa tana kuka,
Aka ɗauke shi gidan limamin coci don wankewa.

Wanda ya kashe shi, nononta ya sha,
Ba ta da wanda za ta kai wa ƙara, ba ta da mai ramawa.

Sai aka raɗa mata ita ma ana nemanta,
Ta bar gawar ɗa, ta bar garin ɗa, tana tserewa.